Injin Numfashin da Yayana Ya Bari a Gubuchi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, babba da yaro. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a ƙarshen daminar da ta wuce, ana cikin karyar masara. Ni ban taɓa zama a aji ba. 'Yata na sa ta ɗauki biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Abin da ya sa na dage shi ne, na zauna a ƙofar ɗakin matarsa tun ranar da aka kai shi har aka watse, na saurari masu gaisuwa, na ga in an bar su, kafin baɗi za su mai da shi wani waliyyin da ko ni ba zan gane ba. Yaya ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai taurin kan tsiya, kuma ina so a tuna da shi yadda yake.

Mata sun zo daga Ikara, sun zo daga Kudan, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kowace ta durƙusa ta ce, “Ya haƙuri?” mu ce mun gode Allah, sai ta gyara zama ta buɗe labari. Wata ƙatuwa daga Paki har ta kama zani za ta nuna mana tabon cikinta.

“Shi ya sa ni barci ranar da aka ciro mini 'yan biyu,” in ji ta. “Ya ce in lissafa masa awakina. Ni dai na tuna na ambaci jar nan mai ɓarna, sai farkawa na yi na ji kukan yara.”

Na ce, “Mun yarda, baiwar Allah. Rufe cikinki, gidan rasuwa ne.”

Wata kuma ta yi ta rusa kuka har ta fi matar mamacin, sai da na miƙa mata ruwa na ce ta rage wa masu gidan nasu. Daga zaure aka kawo mana maganar wani tsoho, wai Yaya shekara da shekaru yana kwantar da mutane yana tashinsu, yau ga shi kwance, babu mai tashinsa sai Mai shi. Wannan maganar ce kaɗai ta sa na juya fuska bango.

Amma kunnena bai tsufa ba. Cikin kowane mutum kaɗan, sai ɗaya ya sassauta murya bayan addu'a ya ce, “Goggo, to injin nan fa?” Har wani dillalin kayan asibiti ya taso tun daga Kano, da farar shadda da turare. Ya yi addu'a mai tsawo, amma idonsa yana ta zagaya tsakar gida kamar wanda kazarsa ta ɓata.

Ga wanda bai sani ba, injin wani farin akwati ne mai ƙananan tayoyi, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwa. Ana sa shi a wutar lantarki, ya riƙa jan iskar ɗaki yana tacewa, yana tura mai kyaun ta wata siririyar roba zuwa hancin wanda ƙirjinsa ya gaza. Yana gurnani a hankali kamar mage ta ƙoshi. Ranar da Yaya ya rasu, injin ba ya gida. Yana Gubuchi, a ɗakin wani mai dafa mazarƙwaila da ba mu haɗa komai da shi ba, kuma in aka cire masa robar nan, kafin a gama dama fura leɓensa ya yi baƙi. Masu tambaya suna tambayar akwati ne. Ni mutumin nake gani.

Aikin Yaya a asibitin gwamnati shi ne sa barci. Likita yana yanka, shi yana tsaye ta wajen kan mara lafiya, hannu ɗaya a kan wata baƙar jakar roba yana matsawa yana saki, ɗaya hannun a wuyan mutum yana jin bugun jini. Yakan ce, “Wanda ya yi barci a hannuna, ba shi da uwa ba shi da uba sai ni, bayan Allah.” Aikin nan ya bi shi har gida, ya hana mu sakat. Kana yi masa magana ba fuskarka yake kallo ba, ƙirjinka yake kallo yana hawa yana sauka. In ka miƙa masa hannu sai ya juya shi ya duba farcenka. Ranar da aka kawo kayan auren 'yata, ya ƙare wa angon kallo a gaban iyayensa, ya ce, “Yaro ne mai hankali, amma wannan gajeren wuyan zai ba mai sa barci wahala.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau surukaina in sun so tsokana sai su tambayi lafiyar wuyan.

Shekarun baya aka ce sai an yi mini aiki a ciki. Na ce to, ai gida ne, Yaya zai sa ni barci. Ya ƙi. Ya ce hannunsa ba ya tsayawa a kan jininsa, ya sa wani abokin aikinsa. Na yi fushi har aka tura ni ɗakin tiyata ban kalle shi ba. Daga baya matan asibitin suka gaya mini tun da aka fara har aka gama yana tsaye riƙe da babban yatsan ƙafata. Da na farka na kira shi, domin na sha jin cewa mai barcin asibiti yakan saki baki ya tona abin da ke ransa.

“Yaya, me na ce?”

“Kin ce a rufe kaji.”

“Ka rantse.”

“Ke, a kan kaji zan rantse?”

Na yi shekaru ina bin sa da tambayar nan, amsar ba ta taɓa sauyawa ba. Sai a zaman makokinsa, ina zaune, na ji matar Paki tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita ma da ta tambaye shi ya ce ta ce a rufe kaji. Wata daga can gefe ta ɗago kai ta ce, “Kai! Ni ma.” Ita ko kaza ɗaya ba ta taɓa kiwo ba. Ashe duk abin da matan ƙasar nan suka furta a hannunsa, da kaji ya rufe shi, ya tafi da shi kabari. Nan na yi dariya hawaye na zuba, har aka fara kallona.

Da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, babban ɗansa ya roƙe shi ya sayi injin ban ruwa su faɗaɗa noman rake a fadama. Matarsa ta nuna masa rufin ɗakinta da ke yoyo. Ni na ce ya sayi shanu. Ya saurare mu duka yana gyaɗa kai, ya shiga mota ya tafi Kano, ya dawo da farin akwati da farantan sola da batir. Ya ce ya gaji da ganin ana ɗaukar mai haki a bayan babur zuwa birni, a juyo da shi a kwance. Tun daga ranar injin bai yi wata guda cur a gidan ba. Yau yana wurin mai jego a Kurmin Kogi, gobe yana wurin tsoho a bayan kasuwa. Ko sisi ba ya karɓa. In an kawo masa zabi ko kwaryar gyaɗa ya karɓa, in ba a kawo ba bai ma tuna ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasuwar. Yaya ya mai da kasuwar kayan numfashi kamar yadda wasu mazan suka mai da siyasa. Ka je gaishe shi da safe, kafin ka gama tambayar kwanan iyali ya fara. Wai zamanin silindar iska ya kusa wucewa, don sai an kai ta birni an cika an dawo da ita, shi ya sa kowane ƙaramin asibitin kuɗi da aka buɗe yake neman irin nasa mai tace iska da kansa. Wai injin sa barci ma yanzu da allo yake zuwa kamar talabijin, yana ƙara in numfashi ya sauka, yaran yanzu allo suke kallo ba mutum ba. Wai an fito da wani ƙarami da ake ratayawa a kafaɗa kamar jakar zuwa biki. Ni da ko farashin manja ba na son a maimaita mini, sai in zauna ina jin labarin jirgin ruwa da kwastan.

Kuma ya san abin, ba zan ci haƙƙinsa ba. Lokacin korona, da masu kuɗin birni suka ruɗe kowa yana so ya ajiye ɗaya a ɗakinsa, farashi ya haukace. Wani alhaji ya aiko direba daga Zariya ya ce Yaya ya faɗi duk abin da yake so. Yaya ya ba direban ruwa da goro ya sallame shi. Ya ce mana, “Ku bari. Tsoro ne ke saye, ba ciwo ba. In tsoron ya wuce za su zubar.” Haka aka yi. Da abin ya lafa, na hannu suka cika kasuwa, a nan ya samo ɗan injin sirace da yake yi wa yara masu fuka amfani da shi. Wannan nasarar ce ta lalata shi. Daga ranar ya ɗauka shi da kasuwa sun san juna.

Akwai wani ɗan abu da ake maƙalawa a yatsa ya nuna lamba, a san ko iska na isa jini. Da ya zama abin yayi, har masu tallan magani a tire suka fara yawo da shi. Wata ranar kasuwa Yaya ya tsayar da wani mai talla, ya karɓi ɗaya, ya karyo guntun rake ya maƙala masa. Abin ya yi ƙyafta-ƙyafta ya kawo lamba. Yaya ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, “Jama'a, ku taya ni murna, raken nan ya fi ni lafiya.” Aka yi ta dariya, mai talla ya tattara tirensa. Ni ban yi dariya ba. Na lura da yadda ya dafa rumfa bayan ya gama maganar, yana neman iska.

A kasuwar nan ya tsinci mutumin Gubuchi. Tun yana saurayi yake tsaye a kan kaskon mazarƙwaila, yana tura busasshen ɓawon rake a wuta, hayaƙi na shiga inda ya ga dama. Ya kawo kaya kasuwa ya kasa sauke su, ya zauna a ƙasa baki buɗe. Yaya ya duba farcensa, ya kai shi asibiti, da aka sallamo shi ya bi shi har gida da injin. Da ya tarar ba su da wuta, ya dawo ya sa aka kwance farantan sola daga kan rufinsa aka kai can. Gidan Yaya ya koma fitilar hannu.

Ba a daɗe ba ƙafafun Yaya suka kumbura. Matarsa ta aiko a kira ni, ta ce ya daina kwanciya, a zaune yake barci da matashi a baya, kuma likita ya ce zuciya ce, zai ji sauƙi in yana samun iska. Na ɗauki mayafi na tafi. Na same shi a zaure da waya a hannu.

“Yaya, aika a karɓo injin nan.”

“A karɓo a ce masa me?”

“A ce mai shi yana so.”

Ya zaro abin yatsa daga aljihu, nasa na gaske, ya maƙala, ya juyo mini da shi. “Duba. Lambata ta fi tasa nesa ba kusa ba.”

“Ni na san lamba ne? Leɓenka nake gani.”

“Leɓena haka Inna ta haife shi.”

“To sayi wani. Ai ka riga ka sayar da bijiminka, kuɗin na nan, matarka ta gaya mini.”

Sai ya gyara zama, na san an zo wurin. Wai dala ta tashi, dillalai sun ɓoye kaya suna jiran ta ƙara tashi. Wai wannan ƙaramin na ratayawa yake so, kuma abin da suke faɗa ba kuɗinsa ba ne, ya san inda ake ƙera shi, ya san abin da ya ci kafin ya iso Kano. Wai a bari damina ta ɗauke, sabon kaya zai shigo, dole su sauko. “Ni za su cuta? Ni da na koya wa rabinsu yadda ake kunna shi?”

Kuɗin da ke hannunsa ya isa, ku ji da kyau. Ba rashi ba ne. Bai yarda a ce wani yaro a Kano ya ci riba a kansa ba.

Na ce, “Wallahi, Yaya, za ka mutu kana tayi.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa na ce, “To na ji. Tunda ka ce injin na mutane ne, kira liman da mai unguwa ka faɗa a gabansu.”

“Kowa ya sani.”

“Kowa ba shaida ba ne.”

“Ke dai tun kina goye kike da faɗa. Je ki ce a dama mini kunu.”

Na fita ban yi masa sallama ba, na yi kwanaki ban koma ba. Ranar da zai rasu, da hantsi, maƙwabcinsa yana zaune tare da shi a zaure. Ya ce Yaya ya kira dillalin Kano, ya taya, dillali ya ce albarka. Yaya ya kashe waya ya ce, “Zai kira da kansa.” Ya jingina da bango, ya yi salati, shi ke nan. Likita ya ce ko da injin yana hancinsa ba lalle ne ya kai rani ba. Na ji. Kwana ya ƙare, na yarda. Amma da ya yi waɗannan watannin a kwance kamar kowane mutum, ba a zaune kamar mai gadi ba.

Bayan an share makoki aka sa ranar rabon gado. Magada su ne matarsa, 'ya'ya maza biyu, da mace ɗaya da ke aure a Paki. Ƙaramin yana aiki a kudu, ya ce ta waya duk abin da yayansa ya yanke ya yi. Na kira babban na zaunar da shi.

Ya ce, “Goggo, ni ba mugu ba ne. Kuɗin sallamar Baba kaf suna cikin akwatin nan. Muna kallo ɗakin Inna na yoyo, ana gungura shi gida-gida. Yanzu dillali ya ce kuɗinsa ya ninka, akwai asibitin da ke jira. Ina da 'ya'ya. Gado kuwa ba ni na tsara shi ba.”

“Mutumin fa?”

“Yana da dangi. Su kai shi asibiti.”

“Da me? Da ɓawon rake?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ki yi haƙuri, Goggo, amma ba ki da kaso a ciki.”

Gaskiya ya faɗa. Inda akwai ɗa namiji, 'yar'uwa ba ta gado. Na je wurin malamin da zai yi rabon, na ce na ji da kunnena Yaya ya ce injin na mutane ne. Malam ya tambaye ni ko ya ce ya bayar, ko ya ce ya yi waƙafi. Na ce a'a, cewa ya yi na mutane ne. Maƙwabcin da ke wurin ya ce ai haka yake cewa a kan kekensa, da butarsa, har da tsaninsa. Malam ya ce to, dukiya ce, sai an kawo ta an gani an yi mata kuɗi kamar sauran.

A wajenmu haka ake yi. Ranar rabo ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a fito da duk abin da mamaci ya bari wanda hannu zai iya ɗauka, a jera, masu sanin kuɗin kaya su yi masa kuɗi a gaban kowa. Aka fito da rigunansa, da keke, da rediyo, da ɗan injin sirace, da tsohuwar baƙar jakar robar nan da ya ajiye tun yana aiki. Dillalin Kano ya iso da wuri. Babban ɗan ya riga ya aika Gubuchi cewa a kawo injin. Na ɗauka dangin mutumin za su zo roƙo, na ma shirya abin da zan ƙara musu da shi.

Sai muka ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar gida, irin mai ɗaukar rake. Aka shigo da mutumin da kansa, maza biyu na riƙe da shi, robar na hancinsa. Wani na tura injin a bayansa, wani na rungume da batir, matarsa na biye da farantan sola a ka. Har su ya sa aka kwance. Aka zaunar da shi a bakin tabarma, tsakanin keke da rediyo. Ya fara gaisuwa, kuma bai tsallake kowa ba. Ya gai da Malam, ya huta. Ya gai da mai unguwa, ya huta. Ya yi wa 'ya'yan ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, ana jiran kowace kalma ta fito.

Sannan ya ce, “Aro ne. Mai shi ya tafi. Ba zan je lahira... da kayan marayu a hancina ba. Na kawo da kaina... don in yi godiya.” Ya ɗaga hannu ya fara zare robar daga bayan kunnensa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na buge hannun na ce, “Mayar, bawan Allah, kafin ranka ya ɓaci. Wa ya ce ka cire?”

Ya kalli Malam. Malam ya ce a bar masa tukuna, a fara yi wa injin kuɗi. Dillali ya tattare shaddarsa ya tsuguna dab da gwiwar mutumin. Ya leƙa bayan injin, ya shafa gefe, ya buɗe wani ɗan murfi ya hura. Sai ya miƙe ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya yi wa inji kuɗi sai an kashe shi ya huce, an sake tayarwa, ya ji yadda yake kamawa.

“To kashe mana,” in ji mai unguwa.

“A'a, ranka ya daɗe. Ba kayana ba ne tukuna. Masu shi su kashe.”

Kowa ya juya wajen babban ɗan. Ya tashi ya zo ya durƙusa. Maɓallin yana nan a gaba, baƙi, ko yaro zai iya dannawa. Injin na ta gurnaninsa. Mutumin ya dube shi ya ce, “Kashe, ɗana. Ba komai. Ina iya... ɗan jimawa.”

Na ga yatsan yaron nan a kan maɓallin. Na ga kuma inda idonsa ya tafi. Ba fuskar mutumin yake kallo ba, ƙirjinsa yake kallo. Ya daɗe a haka. Sai ya janye hannu ya miƙe ya ce da dillali, “Yi masa kuɗi a haka.” Dillali ya yi gunaguni, ya faɗi abin da ya faɗa, ya ce ya rage saboda bai gwada ba.

Kada a ce yaron ya yafe kasonsa. Bai yafe ba, kuma ba zan rubuta ƙarya don a ji daɗi ba. Ya koma ya zauna ya ce shi dai ba zai kashe da hannunsa ba, amma haƙƙinsa yana nan. Malam ya ce hanya ɗaya ce: wani cikin magada ya ɗauki injin a rabonsa, in ba haka ba a sayar a raba kuɗin.

Matar Yaya tana cikin takaba, tana ɗaki bayan labule. Matar da na yi shekaru ina cewa ba ta da baki. Muryarta ta fito: “Malam, a sa shi a tumunina.” Malam ya lissafa ya ce tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas na gadon, bai kai ba. Sai 'yar ta ce daga gefen mahaifiyarta, “A cika da nawa na fadama.” Babban ya ɗago ya ce, “Kin san abin da kike yi? Mijinki ya sani?” Ta ce, “Gadon ubana ne, ba na ubansa ba.” Haka aka yi. Fadamar rake ta tafi wurin maza, matan suka tashi da farin akwati da farantan sola, ɗakin kuwa har yau yana yoyo. Alherin namiji, mata suka biya. Wannan ma ina so a rubuta.

Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na ce a dakata. Na je bakin labule na ce, “Matar Yaya, ke da 'yarki, na waye yanzu?”

“Na mutane ne, Goggon yara.”

“Kada ki kuskura ki gaya mini wannan maganar. Ga Malam, ga mai unguwa, ga liman. Ku faɗa yadda ake faɗa.”

Malam ya gaya musu lafazin, suka maimaita da ƙarfi har na zaure suka ji: sun yi waƙafinsa saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gado, ladan ya kai ga mamacin. Dillali ya sa takalmi ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Aka ɗaga mutumin Gubuchi yana kuka yana neman ya yi magana, na ce ya yi shiru ya adana iskarsa. Babban ɗan ne ya ɗauki batir ya kai mota. Tun ranar kuwa gaisuwarsa gare ni ta gajarce. Oho. Zai huce.

Motar ba ta gama fita daga layi ba wata mata da ta zo kallo daga Kurmin Kogi ta matso kusa da ni. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce surukarta na fama da haki, ko za a sa su a rai in wancan ya gama da shi.

Na dube ta sama da ƙasa. Na ce, “Bai gama ba. Ki kai ta asibiti yau, kada ki zauna jiran numfashin wani.”

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Yadda ka tsaya a kan bayinSa suna barci ba ka kau da ido ba, Allah Ya sa a tsaya maka haka a naka barcin. Ya yalwata maka kabari, Ya yafe maka taurin kanka, don ni har yanzu ina ƙoƙari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.